Fadar Barsai: Sarki Goma, Zamani Goma

Duk ɗalibin da ya ɗan yi nisa a darasin tarihi ya ji labarin Yarjejeniyar Barsai, watau takardar sulhun da aka sa wa hannu bayan Yaƙin Duniya na Farko. Da yawa daga cikinmu mun haddace shekarar, 1919, saboda jarrabawa, amma ba kowa ne ya san ko mece ce Barsai ɗin kanta ba. Barsai, wadda Faransawa ke rubuta sunanta Versailles, wata tsohuwar fada ce a ƙasar Faransa, kimanin kilomita 20 kudu maso yamma da birnin Faris. Tana da ɗakuna 2,300, kuma filin da ke kewaye da ita ya kai hekta 800.

Na zaɓi in yi rubutu a kanta ne domin a cikin shekara 400 gidan nan ya yi aiki iri-iri. Ya zama masaukin farauta, ya zama fadar sarki, ya zama kango, ya zama gidan ajiye kayan tarihi, da asibitin soja, da majalisar dokoki, har ya zama zauren da aka zauna aka yi rabon ƙasashe, rabon kuwa ya taɓo mu nan Nijeriya. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su biyo ni sannu a hankali mu ga yadda haka ta faru. A ganina tarihin gidan ya nuna cewa abin da ke tsare gini shi ne aikin da mutane ke yi da shi. In aikin ya ƙare, ba a kuwa samo masa wani ba, to, ko da dutse aka gina shi lalacewa zai yi.

Asalin gidan

Da fari Barsai wani ɗan ƙauye ne a bakin daji, ga fadama ga sauro. Abin da ya ja hankalin Sarki Luwi na 13 wurin shi ne yawan namun daji. Cikin shekarar 1623 ya sa aka gina masa ɗan masauki inda zai riƙa kwana in dare ya yi masa wurin farauta. Tsakanin 1631 da 1634 aka rushe wannan aka sake gina wani da jan bulo da dutse, wanda ya ɗan fi shi girma.

Ɗansa, Luwi na 14, ya gaji sarauta a 1643 yana da shekara huɗu kawai. Tun yana yaro ya ɗanɗana wuya a hannun manyan masu sarauta da mutanen Faris, waɗanda suka yi ta tawaye daga 1648 zuwa 1653. A watan Janairu na 1649 sai da aka fita da shi daga birnin cikin dare a ɓoye. Wannan abu ya zauna masa a rai. Ya tashi bai amince da Faris ba, bai kuma amince da hakimansa ba.

A 1661 wazirinsa Mazarin ya mutu, sarki ya ce daga ranar shi zai riƙa gudanar da mulki da kansa. Cikin watan Agusta na wannan shekara ma'ajin ƙasa, mai suna Fouquet, ya gayyaci sarki walima a wani sabon gida da ya gina, gidan da ya fi duk gidajen sarki kyau. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Bayan mako uku aka kama Fouquet bisa zargin cin dukiyar ƙasa, ya kuwa mutu a kurkuku. Sarki ya ɗebo gwanayen nan uku da suka yi masa aikin, watau Le Vau mai tsara gini, da Le Brun mai zane, da Le Nôtre mai tsara lambu, ya ce su je Barsai su yi masa wanda ya fi. Bai yarda a rushe gidan ubansa ba, sai aka kewaye shi da sabon gini ta gefe uku. Daga 1678 wani gwanin gini mai suna Mansart ya ci gaba da aikin, ya ƙara dogayen sassa biyu, ɗaya kudu ɗaya arewa. An yi ta gini har wajen shekara hamsin, domin majami'ar fadar ba a gama ta ba sai a 1710.

Irin ginin

Salon ginin da ake yayi a Turai a wancan zamani sunansa barok. Ya faro ne daga Italiya wajen shekarar 1600. Manufarsa ita ce ya cika wa mai kallo ido, ya sa shi ya ji shi ƙarami ne a gaban mai gidan. Saboda haka za ka ga dogayen zauruka, da matakala masu faɗi, da duwatsu masu sheƙi launi-launi, da ruwan zinariya a jikin ƙofofi, da mutum-mutumi ko'ina, da zane-zane a rufin ɗaki waɗanda in ka ɗaga kai sai ka ga kamar sama ce ta buɗe. Faransawa sun ɗan rage ƙawa a bayan ginin, suka bar shi a miƙe cikin tsari, amma daga ciki ba su rage kome ba.

Wurin da ya fi shahara a fadar shi ne Zauren Madubai, wanda aka gina tsakanin 1678 da 1684. Tsawonsa mita 73. Ta gefe ɗaya akwai manyan tagogi 17 masu duban lambu, ta ɗaya gefen kuma an jera madubai 357 daura da tagogin, don haske ya riƙa komowa. Yau madubi ba a bakin kome yake ba, ana samunsa a kowace kasuwa. Amma a lokacin kaya ne mai tsadar gaske, mutanen birnin Banis na Italiya ne suka ƙware da yinsa, suna kuma ɓoye asirin sana'ar. Sai da wani ministan sarki mai suna Colbert ya kafa masana'anta a 1665, ya lallabo waɗansu masu sana'ar daga Banis da kuɗi, kafin Faransa ta iya yin nata. A rufin zauren Le Brun ya zana nasarorin da sarki ya samu a kan Holan da Sifen da sarakunan Jamus. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin za mu komo kansa nan gaba.

Sarki ya ɗauki rana ta zama tambarinsa, har ana yi masa kirari da Sarki Rana. A 1701 ya mai da ɗakin kwanansa tsakiyar gidan daidai, yana fuskantar gabas. Manyan hanyoyi uku na garin duk a ƙofar fada suka haɗu. A bayan gida kuwa Le Nôtre ya baje tudu, ya cike fadama, ya haƙa wani tafki mai siffar gicciye wanda tsawonsa ya wuce kilomita ɗaya da rabi, har ana yawo da jiragen ruwa a cikinsa.

Dalilin gina shi

Ran 6 ga watan Mayu, 1682, sarki ya tare a Barsai tare da iyalinsa da ministocinsa da dukan ofisoshin mulki. Daga nan ta zama hedkwatar ƙasa. Kullum akan sami mutane tsakanin 3,000 da 10,000 a cikinta.

Nan ne dabarar sarki ta fito fili. Duk basaraken da ke son muƙami, ko albashi, ko wata alfarma ga ɗansa, tilas ya baro ƙasarsa ya zo ya zauna inda sarki zai riƙa ganinsa. Wanda ba a gani a fada ba a tunawa da shi ran rabo. Sarki ya mai da kowane motsi nasa ya zama biki. Da safe in zai tashi daga barci, manya sukan shiga ɗakinsa rukuni-rukuni bisa ga darajarsu, wanda ya fi kowa daraja a wurin shi ke miƙa masa riga. Haka in zai ci abinci, haka in zai kwanta. Mutanen da iyayensu suka ja daga da sarki sai ga su suna gardama a kan wanda zai riƙe fitila. Kuɗinsu kuma ya ƙare wajen tufafi da caca, ya zama ba su da madogara sai kyautar sarki. Wanda ke tsaye a ƙofar ɗaki yana jiran a kira shi, ina ya ga sukunin tara mayaƙa? Da haka Luwi ya karya lagon hakimansa ba tare da ya zare takobi ba.

Wani abin mamaki shi ne ƙofar fadar a buɗe take. Kowa na iya shiga ya yi kallo muddin ya yi shiga mai kyau. Namiji sai da hula da takobi, in ba shi da su kuwa akwai masu ba da haya a bakin ƙofa. A Zauren Madubai ake karɓar manyan baƙi daga nesa, kamar jakadun Sayam, watau Tailan ta yau, a 1686, da na Farisa, watau Iran, a 1715. Sarakunan Turai da suka ji labari duk suka shiga kwaikwayo, a Rasha da Ostiriya da Italiya da Jamus.

Abin da ya ci

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wani bafade da ke rubuta abubuwan da ke faruwa kullum ya rubuta cewa a 1685 ma'aikata 36,000 ne ke aiki a wurin. Da yawa sun mutu saboda zazzaɓi da faɗowa daga gini. Kuɗin aikin kuwa daga haraji ya fito, alhali mafi yawan harajin talakawa ne ke biya, masu sarauta da manyan coci an ɗauke musu kaso mai yawa. A wannan shekara ta 1685, a nan Barsai, sarki ya fitar da dokar da ta tsara yadda za a mallaki bayi baƙar fata a tsibiran da Faransa ke noman rake a Amurka. Ashe ƙawar fadar tana da wata fuska wadda ba a nuna wa baƙi.

Babbar matsalar gidan ita ce ruwa. An cika lambu da famfunan feshi, ga shi kuwa babu kogi kusa. Tsakanin 1681 da 1684 aka gina wata ƙatuwar na'ura a Marly, a bakin Kogin Sen, mai manyan ƙafafu 14 irin na keke waɗanda ruwan kogin ke juyawa, su kuma su tura ruwa kan tudu. Duk da haka ruwan bai isa ba. Saboda haka in sarki na yawo a lambu, masu kula da famfo sukan yi wa juna fito, a buɗe wanda ke gabansa, a rufe wanda ya wuce. A 1689 kuma, da yaƙi ya cinye baitulmali, sai da sarki ya sa aka narkar da kujeru da tebura na azurfa da ke fadar aka buga kuɗi da su.

Luwi na 14 ya rasu a Barsai ran 1 ga Satumba, 1715, bayan ya shekara 72 a kan gado. Masu tarihi sun rawaito cewa da ajali ya matso ya kira tattaɓa-kunnensa, yaro ɗan shekara biyar wanda zai gaje shi, ya gargaɗe shi kada ya yi koyi da shi wajen son yaƙi da son gine-gine.

Ranar da matan kasuwa suka zo

Bayan rasuwarsa an rufe fadar shekara bakwai, sai a 1722 Luwi na 15 ya komo. Shi da jikansa Luwi na 16 sun gaji da zaman bainar jama'a, suka yi ta gina ƙananan ɗakuna inda za su keɓe. A 1770 aka buɗe gidan wasan kwaikwayo da waƙe-waƙe a cikin fadar, don bikin auren Luwi na 16 da Mari Antuwanet, 'yar sarauniyar Ostiriya. A 1783 aka yi wani abin kallo a filin fada: waɗansu 'yan'uwa biyu masu suna Montgolfier suka cika wata ƙatuwar jaka da iska mai zafi, ta tashi sama ɗauke da tunkiya da agwagwa da zakara, suka kuwa sauko da ransu. A wannan shekara ce kuma aka fara gina wa sarauniya wani ɗan ƙauye na shaƙatawa a ƙarshen lambu, da shanu da kaji da gidaje masu rufin ciyawa, alhali ƙauyawa na gaskiya suna fama da haraji.

Gidan da aka gina don sarki ya sa wa hakimai ido sai ya zama katanga tsakanin sarki da talakawa. Bashi ya yi wa ƙasa katutu, musamman bayan taimakon da Faransa ta bai wa Amurka a yaƙinta na neman 'yanci. Amfanin gona ya lalace a 1788, burodi ya yi tsada. A watan Mayu na 1789 sarki ya kira taron wakilan ƙasa a garin Barsai don a nemi mafita, sai taron ya rikiɗe ya zama mafarin juyin juya hali.

Ran 5 ga Oktoba, 1789, dubban mata, yawancinsu 'yan kasuwa, suka taso daga Faris a ƙasa cikin ruwan sama suna neman burodi. Da asubahin kashegari jama'a suka kutsa cikin fada, suka kashe dogarai biyu, sarauniya ta tsere da ƙyar ta wata ɓoyayyar ƙofa. A ranar aka tasa sarki da iyalinsa gaba zuwa Faris. Tun daga wannan rana babu sarkin da ya sake zama a Barsai. A 1793 aka fille wa sarki da sarauniya kai.

Daga kango zuwa gidan tarihi

Sabuwar gwamnati ta kwashe manyan zane-zane ta kai gidan tarihi na Luba a Faris. Sauran kaya kuwa, gadaje da kujeru da labule da tukwane, aka sa su a gwanjo. An yi shekara guda cur ana gwanjon, daga Agusta 1793 zuwa Agusta 1794, aka sayar da kashi fiye da 17,000. Da yawa daga cikin kayan suka ƙetare zuwa Ingila. Gida ya zama wayam, har waɗansu suna cewa a rushe shi. Nafoliyon ya yi tunanin komawa ciki, amma tsadar gyara ta hana, sai ya riƙa sauka a wani ƙaramin gida da ke cikin lambun. Haka aka shafe shekara arba'in ba a san abin da za a yi da fadar ba.

Wanda ya cece ta shi ne Sarki Luwi Filib, wanda ya hau mulki a 1830 bayan wani juyin. Ya tarar da ƙasa a rarrabe: ga masu son tsohuwar sarauta, ga masu son jamhuriya, ga magoya bayan Nafoliyon. Ya san in ya tare a Barsai jama'a za su ce an koma gidan jiya. Sai a 1833 ya yanke shawarar mai da ita gidan tarihin Faransa, inda kowane ɓangare zai ga gwarzayensa. Ya kashe kuɗi masu yawa daga aljihunsa, aka buɗe gidan ran 10 ga Yuni, 1837, aka rubuta a goshin ginin cewa an keɓe shi ga dukan ɗaukakar Faransa. A ciki akwai wani zaure mai tsawon mita 120 da aka jera manyan zane 33 na yaƙe-yaƙen da Faransa ta ci.

Wannan gyara yana da nasa aibi. Don a sami dogayen zauruka sai da aka farfasa ɗakunan 'ya'yan sarki da na fadawa, kyawawan sassaƙe-sassaƙe masu yawa suka salwanta. Har ila yau ɗaukakar wani baƙin cikin wani ce, domin akwai ɗakunan da aka keɓe don nuna cin ƙasar Aljeriya, a ciki har da wani zane mai tsawon mita 21 na ranar da aka far wa sansanin Amir Abdulƙadir a 1843. Amma da ba a samo wa gidan wannan aiki ba, da wuya ya kawo yau.

Ramuwar gayya

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Purushiya, wadda ita ce babba a cikin ƙasashen Jamus. Aka ci Faransa, Jamusawa suka kewaye Faris, suka kafa hedkwatarsu a Barsai. Zauren Madubai aka jera masa gadaje, ya zama asibitin sojan da suka ji rauni. Sa'an nan ran 18 ga Janairu, 1871, aka kwashe gadajen, sarakunan Jamus suka taru a zauren, waziri Bismak ya karanta shela, aka naɗa Sarkin Purushiya Wilham na 1 ya zama sarkin sarakunan Jamus duka. An yi wannan naɗi ne a ƙarƙashin zanen nan da na ambata, na nasarar Luwi a kan Jamusawa. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Faransa ta rasa yankin Alsas da wani sashe na Loren, aka kuma ɗora mata tarar faran miliyan 5,000.

Da Jamusawa suka fita, sai mutanen Faris suka yi tawaye a watan Maris na 1871, gwamnati ta gudo Barsai. 'Yan majalisa suka riƙa zama a gidan wasan kwaikwayon nan na sarki, waɗansunsu ma a Zauren Madubai suke kwana don rashin masauki. A wannan ɗaki na sarki ne, ran 30 ga Janairu, 1875, aka jefa ƙuri'ar da ta tabbatar da Faransa a kan tafarkin jamhuriya, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak, 353 da 352. Majalisa ta koma Faris a 1879, amma an ci gaba da zaɓen shugabannin ƙasa a Barsai har zuwa 1953.

Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Da aka ci Jamus a Yaƙin Duniya na Farko, firayim ministan Faransa, Clemenceau, wanda ya ga wulaƙancin 1871 da idonsa yana matashi, ya tsaya kai da fata sai a Zauren Madubai za a sa hannu. Haka kuwa aka yi ran 28 ga Yuni, 1919, a gaban Shugaba Wilson na Amurka da Lloyd George na Ingila. Aka karɓe Alsas da Loren, aka rage sojan Jamus, aka ɗora mata biyan diyya. Jamusawa suka ƙullaci wannan takarda, Hitila kuwa ya yi amfani da ƙullin wajen neman mulki, bayan shekara ashirin aka sake faɗawa wani yaƙin da ya fi na farko muni.

Inda abin ya shafe mu

Sashe na 119 na yarjejeniyar ya ce Jamus ta saki dukan ƙasashen da take mulka a ƙetare. A cikinsu akwai Togo da Kamaru. Kafin yaƙin, garuruwa irin su Mubi da Dikwa da tsaunin Mambila duk a hannun Jamus suke. Sojan Ingila, waɗanda da yawansu 'yan Nijeriya ne, tare da na Faransa, sun cinye Kamaru tsakanin 1914 da 1916. Yarjejeniyar Barsai ce ta yanke igiyar Jamus gaba ɗaya, aka raba ƙasar biyu, Faransa ta ɗauki babban kaso, Ingila ta ɗauki wani siririn yanki a kan iyakarmu ta gabas, ta riƙa mulkinsa tare da Nijeriya a matsayin amana. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin mazauna wurin ba.

A watan Fabrairu na 1961 an tambaye su, ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Mutanen kudancin yankin suka zaɓi Kamaru, na arewaci suka zaɓi Nijeriya, suka shigo ran 1 ga Yuni, 1961, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Yau yana cikin jihohin Borno da Adamawa da Taraba. Saboda haka in muna da abokin karatu ɗan Mubi ko Ganye ko Gembu, to, zamansa ɗan Nijeriya yana da alaƙa da abin da aka rubuta a wancan zaure mai madubai.

Fadar a yau

Tun daga 1892 wani mai kula da gidan, Pierre de Nolhac, ya fara ƙoƙarin mai da ɗakunan sarki yadda suke a da. Bayan yaƙin farko rufin gidan ya yi ta yoyo, babu kuɗin gyara, sai wani attajiri Ba'amurke, Rockefeller ƙarami, ya ba da gudummawa mai tsoka daga 1924. Aka kuma shiga bin sawun kayan da aka yi gwanjonsu, ana sayo su ɗaya-ɗaya da tsada. A 1979 hukumar UNESCO ta sa fadar cikin wuraren tarihi na duniya. A watan Disamba na 1999 guguwa ta kayar da itatuwa fiye da 10,000 a lambun, jama'a daga ƙasashe daban-daban suka ba da taimako aka sake dasawa.

Yanzu kimanin mutum miliyan 8 ke ziyartar Barsai a shekara, kuɗin shigarsu kuwa yana taimakawa ƙwarai wajen kula da ita. Har yau in za a gyara tsarin mulkin Faransa ta hanyar majalisa, a can majalisun biyu ke haɗuwa. A can ake yi wa manyan baƙi liyafa, kamar Shugaba Kennedy a 1961 da Sarki Charles na Ingila a 2023. A 2024 kuma a lambun aka yi wasannin dawaki na Olamfik.

Hausawa sun ce sarki goma zamani goma. Luwi na 14 ya gina Barsai don ɗaukakar mutum ɗaya, amma zuriyarsa ba su zauna a ciki ba sai shekara 107. A matsayin gidan tarihi kuwa ta doshi shekara 190, watau ta fi daɗewa a hannun jama'a a kan yadda ta daɗe a hannun sarakuna. Lokacin da ta fi kusa da halaka shi ne shekarun nan arba'in da ta zauna ba mai shiga ba mai fita. Faransawa sun kawar da sarautar, amma ba su huce haushinsu a kan ginin ba, domin da gumin kakanninsu da harajinsu aka yi shi, rushe shi kuwa ba zai mayar wa kowa da ko anini ba.

Mu ɗalibai, nan gaba waɗansunmu za su riƙe ofisoshin da za a kawo musu takarda a kan wani tsohon gini, a ce ya tsufa, a rushe. Ina fata in ranar ta zo za mu fara tambayar wane aiki ne zai iya yi wa jama'a, kafin a kira masu diga da shebur. Allah Ya sa mu amfana da abin da muke karantawa, amin.